Ranar da Na Fasa Siton Malam Isa

Zuwa ga ɗana Sanusi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya kai ka Tambuwal lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin mutane, da kuma sharrin kanka, wanda shi na fi jiye maka tsoro. Innarka za ta sa wannan takarda a cikin jakarka, ƙarƙashin kayan sawa. Kada ka ce don me ban yi maka magana baki da baki ba alhali katanga ɗaya ce tsakanin ɗakina da naka. Na gwada har sau biyu. Ran da ka nuna mani takardar ɗaukar aiki na buɗe baki, sai na ga yadda fuskarka ta cika da murna, na ce Allah ya sa albarka, na haɗiye sauran. Ka san halina. Ina iya yi wa ƙato faɗa a tsakiyar kasuwar Kebbe, amma faɗin laifin kaina a gaban ɗana ya fi ƙarfina.

Bayan ka fita na sake karanta takardar taka a tsanake. An ce kai da abokan aikinka za ku riƙa zagaya kasuwanni da ƙauyuka kuna sa ido kan farashin abinci, kuna gano masu ɓoye hatsi, kuma an ba ku ikon buɗe duk siton da kuka tarar a rufe. Wannan layi na ƙarshe shi ya hana ni sukuni. Na taɓa riƙe irin wannan iko kana goye a bayan innarka, kuma abin da na yi da shi ne zan gaya maka. Ba ka taɓa ji ba, domin ni na hana a ɗauko zancen a gidan nan.

A wata shekara ruwa ya ɗauke da wuri, gero bai cika ido ba. Tun ana kaka tiyar hatsi ta fara tashi, mutane suka fara kuka. Sai aka kafa wani kwamiti daga sama don ya daidaita farashi, aka sa ni akawunsa saboda ina da rubutu mai kyau kuma ba a san ni da cin haram ba. Ina son ka riƙe wannan da kyau: ban shiga don in ci ba. Tausayin talaka ne ya cika mani ciki, ina ganin Allah ya ba ni damar da zan share wa mutanenmu hawaye. Mugu ba zai iya yin ɓarnar da na yi ba, domin shi ya san mugunta yake yi, yakan ji tsoro ya tsaya a wani wuri. Ni kuwa ina ganin lada nake nema.

Mun zauna a ofis mu shida, fanka tana kaɗawa, babu ko ɗaya a cikinmu da ya taɓa zama a rumfa ya auna wa mutum tiya guda. Shugabanmu ya ce nawa ya kamata a sayar? Muka tuno farashin bara, muka ɗan ƙara kaɗan don a ce mun yi adalci, na rubuta, aka buga hatimi. Ran kasuwa aka yi shela. Mutane suka yi ta sa mana albarka, wata tsohuwa har ta kama hannuna ta shafa a goshinta. Na dawo gida ina tafiya kamar ni na saukar da ruwan damina.

A ranar ne na fara haɗuwa da Malam Isa na Fakku. Dattijo ne siriri, mai farin gemu, manomi kuma mai sayen hatsi. Ya tare ni a bakin rumfar masu awo, ya gaishe ni da ladabi, sannan ya ce, “Malam Akawu, kai kas sa ma hatsi kuɗɗi, ko kai kan noma shi? Ka san abin da taki yac ci mu bana? Ka san damma nawa gonata tab ba ni, wadda kullum ka cika rumbu biyu?”

Na ce masa doka ce, ba ni na yi ta ba.

Ya ce, “To, Allah shi kyauta. Kasuwa ta gaba ka taho da wuri ka gani.”

Na zo da wuri, na kuwa gani. Rumfunan hatsi wayam, sai mutum biyu ko uku da geron da ƙwari suka gama da shi, an gauraya da tsakuwa. Hatsi bai ƙare a ƙasa ba, ya koma zaure da bayan katanga, ana sayar da shi a ɓoye da tsadar da ta fi ta da, domin yanzu mai sayarwa yana ƙara kuɗin tsoron da yake ji. Wanda ya san mutane ya samu. Gwauruwar da ba ta da kowa, da Bafillatanar da takan zo da nono ta koma da gero, suka zagaya kasuwa suka koma da ƙwarya babu komai. Waɗanda na yi dokar dominsu su ne suka fara kwana da yunwa.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne farashi labari ne. Idan tiya ta tashi a Kebbe, mai hatsi a Jega yana ji, na Tambuwal yana ji, kowa ya ɗora buhunsa a mota ya nufo mu don ya ci riba, kuma zuwan nasu da yawa shi ke sauko da ita. Mai gida yana ji ya rage awo tun da wuri, manomi yana ji ya ƙara faɗin gona baɗi. Ba wanda ya aike su, ba wanda ya buga musu hatimi. Mu da muka danne farashi mun toshe bakin mai shelar da ke kiran abinci zuwa garinmu. Saboda haka idan wani babba ya tambaye ka nawa ya kamata a sayar da tiya, ka ce ba ka sani ba. Gaskiya ka faɗa, kuma shi ma bai sani ba.

Da kasuwa ta bushe, kana tsammani mun ce mun yi kuskure? Mutumin ofis ba ya faɗin haka. Muka ce ai fitar da hatsi ake yi zuwa waje. Muka sa aka ɗaura igiya a hanyar Tambuwal, aka zuba ƙarti masu sanduna, aka ce ko tiya ɗaya kada ta fita. Masu a-kori-kura da ke kawo mana gishiri da manja da sabulu, da ma don su koma da hatsi suke zuwa. Da suka ga za su koma babu kaya sai suka daina zuwa, gishiri ma ya yi tsada. Wanda ke da niyyar shigo da dawa daga kudu ya fasa, domin ya san idan ta shiga ba ta fita, kuma da farashinmu za a tilasta masa ya sayar. Igiyar da muka ɗaura don hatsi kada ya fita ita ta hana shi shigowa.

Fita kuwa bai daina ba. Wanda ya gaisa da masu igiya yadda ya kamata, sai a sauke masa ita ya wuce. Ɗan kabu-kabu mai rabin buhu shi ake kamawa a ƙwace. Na sani, na kawar da kai. Wata rana ɗaya daga cikin ƙartin ya kawo mani kaji biyu har gida, wai gaisuwa. Na karɓa. Innarka ta dube su ta ce, “Wanga nama ba ya shiga tukunyata. In kana son ci, ka kai inda anka san dafa irinai.” Kwana uku kajin suna ɗaure a gindin turmi kafin na ba da su. Ni da aka zaɓa don ba ni cin haram, wata biyu kacal aka yi kaji suka iso ƙofata. Ka lura da wannan, Sanusi. Duk dokar da ta ƙi aiki sai ta haifi wata don a rufe kunyarta, kuma duk igiyar da aka ɗaura sai an sa mutum ya riƙe ta, mutumin nan kuwa yana da ciki da iyali.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Ka san hanyar Fakku. Idan marka ta zauna, rafi ya kawo, laka ta kai gwiwa, sai a yi makonni ko babur bai shiga ba. Lokacin ne kuma rumbunan talakawa suke ƙarewa, sabon gero bai nuna ba. Sana'ar Malam Isa a kan wannan take. Da kaka, sa'ad da kowa ke rububin sayarwa hatsi ya faɗi, shi yake saye. Ya zuba a sito da barkono da ganyen dogon yaro saboda ƙwari, ya rufe, ba ya buɗewa sai hanya ta yanke. Sannan ya zauna a ƙofa yana aunawa. Yana cin riba, ban ɓoye maka ba. Wata shekara kuma damina ta yi kyau, tumu ya fito da wuri, ya tashi da asara da hatsin da ƙwari suka huda, ba wanda ke zuwa yi masa jaje. Mutanen Fakku suna gunaguni a kansa kowace shekara, kuma kowace shekara a ƙofarsa suke yin layi.

Wani ya kawo mana ƙararsa. Da bazara, hadari ya fara haɗuwa amma ruwa bai sauka ba, muka shiga mota muka nufi Fakku, ni da ƙarti biyu da takarda mai hatimi. Labari ya riga mu fita gari, sai ga ma'aikata 'yan'uwana da wasu 'yan kasuwa sun biyo mu a kan babura da buhunan da babu komai ciki. Na ga ƙurarsu a bayanmu, ban tambayi kaina me ya fito da su ba.

Malam Isa ya fito ya shimfiɗa mana tabarma, ya sa aka kawo ruwa. Na karanta masa takarda, na ce ya ba da makulli.

Ya ce, “Malam Akawu, wanga hatsi ba na yau ba na. Na marka na. In kab buɗe shi yanzu, mi mutanen garin ga za su ci in rafi ya kawo?”

Na ce ai mutanen garin ne za su saya, kuma da arha.

Ya ce, “Da wane kuɗɗi? Kowa ya sa abin hannunai ga taki da iri. Dubi bayanka ka ga waɗanda sunka taho saye. Akwai ɗan Fakku cikinsu?”

Ban waiwaya ba. Na ce ya ba da makulli ko a fasa.

Ya ce, “Ba ni ba ka da hannuna. Shekara ashirin da fuɗu nika wagga sana'a, ban taɓa tauye ma kowa awo ba. In fasawa za ka yi, fasa, Allah na gani.”

Ƙartin suka tsaya suna duban juna, domin ko su sun ji nauyin gemunsa. Ni na karɓi guduma. Da hannun nan da nake rubuta maka wannan takarda na fasa ƙofar. Kafin la'asar sito ya zama fanko. An ba shi kuɗinsa a kan farashin kwamiti, saboda haka a takarda ba a zalunce shi ba. Hatsin kuwa ya hau babura ya bar Fakku, rabinsa ya wuce ta igiyarmu a satin nan aka sayar a waje da tsada. Na rubuta rahoto cewa an karya ƙashin bayan masu ɓoye abinci.

Gwaggonka Hajo, ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya, a Fakku take aure, ka sani. Abin da ba ka sani ba shi ne tana da 'ya kafin ɗanta Bello, sunanta Luba. Wata biyu ta ba ka a haihuwa. A lokacin ba a daɗe da yaye ta ba.

Marka ta zo da ƙarfi a shekarar, hanya ta yanke kamar yadda ta saba. Rumbuna suka ƙare, kuma wannan karon babu ƙofar da za a yi layi. Mutanen Fakku suka koma cin tafasa da rama da dussa. Babba yana iya jurewa. Luba cikinta ya ɓaci, zazzaɓi ya biyo baya. Malamin asibiti ya ce zazzaɓi ne ya kashe ta, na kuma daɗe ina ɓuya a bayan maganarsa. Yara da yawa suna yin zazzaɓi su tashi idan akwai kunu a cikinsu. Ba ita kaɗai aka rufe a garin a watan nan ba, amma ita ce na san nauyinta a hannuna, domin ni na yi mata huɗuba.

Sai bayan kwana uku labari ya iso gare ni. Na tafi da ƙafa, ruwa har ƙugu a wani wurin. Na tarar da Hajo zaune a ƙofar ɗaki ta rame har na kusa kasa gane ta. Na yi mata gaisuwa ta amsa. Can ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba, “Yaya Umaru, hatsi ya yi arha yadda kaka so. Sai dai babu shi.” Ba ta ƙara ko kalma ba, har yau kuma ba ta sake tayar da zancen ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

A zaure na ga Malam Isa cikin masu karɓar gaisuwa. Ya miƙo mani hannu muka gaisa kamar babu abin da ya taɓa haɗa mu. Bai sake ajiye ko buhu ɗaya ba har ya bar duniya, sauran masu ƙananan sito ma duk suka daina, wa zai tara a zo a fasa? Shekara ta gaba kwamiti ya ce mai son ajiye hatsi sai ya karɓi takardar izini. Mutum ɗaya ya samu a yankin nan duka, abokin shugabanmu. Shi ne ya nuna wa mutane abin da ake kira tsada, domin babu wani sito da za ka juya ka tafi idan ya faɗi kuɗinsa. Mun kori dattijo mai cin riba kaɗan a gaban idon maƙwabtansa, mun naɗa wanda ba ya jin kunyar kowa.

Daga baya aka rushe kwamitin ba tare da hayaniya ba. Shugabanmu ya samu ƙarin girma, ni aka ba ni takardar yabo. Ba wanda ya taɓa kira na ya tambaye ni komai. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni tsoro a aikin da za ka shiga. Ɗan kasuwa idan ya yi kuskure dukiyarsa ce ke tafiya, shi ya sa yake lura. Ma'aikaci idan ya yi kuskure albashinsa na nan a ƙarshen wata, wasu ne ke haƙa kabari.

Na je wurin limaminmu na wancan lokaci, Allah ya ji ƙansa, ina neman ya ce mani na yi daidai, tunda addini ya hana ɓoye abinci. Ya ce haka ne, an hana mutum ya kwashe abincin gari a lokacin yunwa don ya shaƙe mutane. Amma wanda ya saya lokacin yalwa ya adana don lokacin rashi, wannan hidima yake yi. Ya kuma tuna mani cewa an taɓa yin tsada a Madina, mutane suka roƙi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanke musu farashi, bai yanke ba, don gudun ya ɗauki haƙƙin wani. Na sha jin wannan a wurin karatu tun ina saurayi. Ran da aka ba ni hatimi ban tuna da shi ba. Na yi niyyar zuwa in roƙi Malam Isa gafara, kowace kaka in ce sai an gama aikin gona, kowace bazara in ce sai hanya ta yi kyau. Girman kai ne kawai. Ina cikin wannan jan ƙafa aka aiko cewa ya rasu. Idan ka cuci mutum, ka je a satin nan, kada ka jira zuciyarka ta yi maka daɗi.

Ban ce ka ƙi aikin ba. Na san shekarun da ka yi kana nema, na ga yadda innarka ta raba goro. Akwai abin yi na gaskiya a cikinsa. Ka duba tiyar da aka buga wa gindi don ta rage awo, ka kama mai zuba yashi a gero, domin wannan sata ce, kuma hana sata aikin hukuma ne. Idan ka ga an ɗaura igiya a hanya ana tatsar masu kaya, ka rubuta. Idan aka tambaye ka me ya sa abinci ke tsada, ka faɗi abin da kowa ya sani: gonakin nesa sun gagara zuwa saboda ɓarayin daji, taki ya fi ƙarfin manomi, hanya ta lalace har kuɗin mota ya kusa kai kuɗin kaya. A gyara waɗannan a bar mutane su saya su sayar. Azzalumin ɗan kasuwa yana nan, ban ce babu ba, amma maganinsa shi ne a samu wasu goma masu sito kusa da shi da hanya a buɗe. Ba za su so jin wannan a ofis ba, domin fasa ƙofa ya fi gyaran hanya sauƙi, kuma ya fi daɗin faɗi a rediyo.

Ranar da za a miƙo maka takarda a ce ka je ka buɗe siton wani tana zuwa, ba na shakka. Za a gaya maka don talakawa ne, kai ma za ka ji a ranka haka ne. Ka ƙi. Idan sun ce ka ajiye aikin, ka ajiye ka dawo gida, gonar fadama tana nan, ba za mu rasa tuwo ba. Na fi son in gan ka da fartanya kana jin haushina da in gan ka da babbar riga kana ɗauke da abin da nake ɗauke da shi.

Saura abu ɗaya, gara ka ji daga bakina kafin wani ya kawo muku a matsayin rahoto. Tun shekarar da na bar aiki, kowace kaka ina sayen gero ina kaiwa Fakku. Tafiyar da nake ce muku ta duba gona ce, wannan ce. Tsohon siton Malam Isa na karɓa daga hannun 'ya'yansa, na gyara ƙofar da kaina. Ba na buɗewa sai hanya ta yanke, kuma ina sayarwa da riba, domin idan babu riba ba zan iya sake cika shi ba. Ana gunaguni a kaina kamar yadda aka yi a kansa. A yanzu haka cike yake, a rufe. Bisa ga abin da ke rubuce a takardarka, mahaifinka mai ɓoye hatsi ne, kuma sunana zai iya zama na farko da za a ba ka.

Makullin ba ya hannuna. Gwaggonka Hajo ce ta ce a ba ta, ita ke aunawa idan marka ta zo, kuma ta rantse ba za ta miƙa shi ga kowa ba kafin lokacin. Idan ka zo da takarda, ita za ka tarar a ƙofar.

Allah ya kiyaye hanya, ya haɗa ka da abokan aiki masu tsoronsa, ya tsare hannunka daga haƙƙin mutane. Allah ya dawo mana da kai lafiya, ko da aikin ko babu shi. Innarka tana sa maka albarka, ni ma haka.

Mahaifinka,
Umaru